Kiɗa da sauti a wasannin kwamfuta: Yadda ake samun lasisi da inda ake nemo su

A watan Mayun 2017, kamfanin Remedy na ƙasar Finland ya janye wasansa mai suna Alan Wake daga kasuwa, shekara bakwai bayan fitowarsa. Wasan lafiyarsa ƙalau, wa'adin lasisin waƙoƙin da ke cikinsa ne ya cika. Bai dawo ba sai a Oktoban 2018, bayan an sabunta yarjejeniyar. A shekarar ta 2018 ma, kamfanin Rockstar ya cire wasu waƙoƙi daga Grand Theft Auto IV kan irin wannan dalili.

Lasisin waƙa tamkar haya ne. Kuma kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kiɗan da baitukan, da na wanda ya mallaki naɗin, wanda galibi kamfanin faifai ne. Izinin ɗaya bai wadatar ba. A nan mutane da dama ke tuntuɓe: Beethoven ya mutu tun 1827, kiɗansa ya zama na kowa, amma naɗin da wata ƙungiyar makaɗa ta yi masa a bara yana da mai shi.

Kafin a sa hannu, ya kamata takarda ta fayyace tsawon wa'adi, da ƙasashen da za a sayar da wasan, da na'urorin da zai hau, da ko izinin ya haɗa da bidiyon talla. Akwai kuma batun masu buga wasa suna watsawa a YouTube da Twitch, waɗanda ake iya toshe bidiyonsu saboda waƙar da ke tashi a ciki. Shi ya sa wasanni irin su Cyberpunk 2077 suka tanadi zaɓin kashe irin waɗannan waƙoƙi.

Mai ƙaramin jari yana da hanyoyi masu sauƙi. Akwai rumbunan intanet da ake biya sau ɗaya, a yi amfani da sauti ba tare da biyan kaso kan kowane ciniki ba, ko da yake mallakar tana nan hannun mai ita. Akwai kuma lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002. Nau'in CC0 ba shi da sharaɗi. CC BY na buƙatar a ambaci sunan mai aikin. Wanda ke ɗauke da alamar NC kuwa ya hana kasuwanci, don haka bai dace da wasan da za a sayar ba.

Shafin Freesound, wanda aka kafa a 2005 a Jami'ar Pompeu Fabra da ke Barcelona, ya tara sautuka kamar takun ƙafa, ruwan sama da ƙarar ƙofa, kowanne da nasa lasisin, don haka sai an duba ɗaya bayan ɗaya. Makaɗi Kevin MacLeod na Amurka yana ba da kiɗe-kiɗensa a shafin Incompetech bisa sharaɗin ambaton suna.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ɗaukar makaɗi ya tsara sabon kiɗa, ko a fita da na'ura a naɗi sautin da ake so. Ga matasan Najeriya masu haɗa wasanni, wannan ya shiga ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023. Dokar na kare aikin kiɗa tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70, kuma ta ce miƙa mallaka ko ba da lasisi na keɓe ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan, wanda ya biya makaɗi kuɗi suka rabu da alkawarin baki, bai mallaki kiɗan ba.