Yamai na faɗi, kasuwa na ƙara nisa: ko a dakatar da yankan filaye?

Duk mai sana'ar da ke zaune Basora, Kwara Tegi ko Yamai 2000 ta san abin da nisa ke ci. Kafin ta kai kayanta Katako ko Babbar Kasuwa, sai ta shiga taksi ko faba-faba, wani lokaci hawa biyu, ta kuma biya kuɗin kaya. Ribar yini ta ragu tun ba ta buɗe rumfa ba.

A shekarar 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta iske sun kai wajen miliyan ɗaya. Amma ba yawan jama'a kaɗai ya shimfiɗa garin haka ba. Yankan filaye ya zama hanyar neman kuɗi ga ma'aikatun magajin gari da ƴan kasuwa masu saye gonaki su yanka. A farkon shekarun 2000 ma, da filaye aka biya ma'aikatan gwamnati wani kashi na bashin albashinsu. Shi ya sa mutum zai yi tafiya mai nisa a bayan gari bai ga kome ba sai duwatsun iyaka da katangu marasa ɗaki. Masu su na jiran fili ya yi tsada. Waɗanda suka daure suka tare kuwa, ba famfo, ba wuta, ba hanya, sai ruwan ƴan garuwa.

Dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kare garin daga iska da ƙura, wajen hekta 2,500 na dogon yaro da turare, shi ma gine-gine sun ci babban yankinsa. Gonakin hatsi da ke gefen gari sun tafi.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun taɓa taka birki. Bayan faɗuwar Blaise Compaoré a 2014, gwamnatin riƙon ƙwarya ta tsayar da yankan filaye. Binciken majalisar dokoki na 2016 ya gano filaye sama da dubu 105 da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 an ɗage hanin, ban da Wagadugu da Bobo Julaso. Sai dai unguwannin da ba a yanka ba sun ci gaba da cika, don talaka ba zai kwana a titi yana jiran doka ba.

Nan ne damuwar take. In aka tsayar da yanka kawai aka zauna, masu filaye goma ne za su yi dariya: fili zai ƙara kuɗi, haya ta bi shi, matar da ta shekara biyar tana zubin adashi don ta samu inda za ta aza tubali ta koma baya. A ganina dakatarwar na da amfani in an yi aiki cikinta. A ƙirga filayen da aka yanka ba a gina ba, a aza wa masu ɓoye su haraji mai nauyi, a kai ruwa da wuta da kasuwa unguwannin da mutane suka riga suka tare.

Kafin nan, Hajiya, in dillali ya nuna miki fili mai araha a bayan gari, ki kai takardar ma'aikatar magajin gari a duba ta, ki kuma je ki ga wurin da idonki cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwance.