Daga Lamba Zuwa Amo: Haɗa Majuyin Sauti a Rumfar Mai Gyaran Rediyo

Gabatarwa

A ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, rediyo mai kaset bai mutu ba, ciki kawai aka sake masa. Mai gyara yakan cire injin da ke juya kaset, ya dasa wani ɗan allo mai ramin memori a gurbinsa, ya liƙa wayoyinsa da dalma a kan amfilifayar asali. Magidanci ya koma gida da akwatinsa na da, yana sauraron tafsiri ko waƙar Shata da batirin da farantin sola ya cika. Wannan maƙala za ta yi bayanin aikin da ke gudana a cikin allon nan, da dalilin da ya sa abin ya shafi mai nazarin Hausa.

Yadda lamba ke zama amo

Abin da ke cikin memori lambobi ne zalla, sifika kuwa ba ta san lamba ba, motsin lantarki mai hawa da sauka kaɗai ke girgiza ta. Na'urar da ke tsakaninsu ita ce masana lantarki ke taƙaita sunanta da DAC. A nan an kira ta majuyin sauti, domin a bakin masu gyara ba ta da suna nata na kanta. Allon gaba ɗaya ake kira MP3.

A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna tsayin igiyar sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, a rubuta kowane awo da gurabe 16 na sifili ko ɗaya, abin da ke ba da matakai 65,536. Ba da ka aka tsayar da adadin farko ba. Ƙa'idar da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna dole yawan awon ya zarce ninki biyu na amo mafi tsini da ake son adanawa, kunnen ɗan'adam kuwa iyakarsa kusan kaɗawa 20,000 a daƙiƙa.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa majuyi da hannu ita ce tsanin razista, wanda ake kira R-2R. Razista iri biyu kacal ake buƙata, ɗaya ninkin ɗaya, misali mai om 10,000 da mai om 20,000. Ana jera su yadda kowane gurbi zai ba da rabin ƙarfin na gaba da shi, tamkar mai awon hatsi da ke da kwano, da rabi, da rubu'i, da sumuni: kowane adadi aka tambaye shi, zai haɗa daga cikinsu ya cika. Abin da ke fitowa daga tsanin hawa-hawa yake kamar matakala, don haka ake ƙara masa razista ɗaya da kafasita a matsayin matata, ta goge gefunan kafin ya isa amfilifaya.

Mai wannan rubutu ya gwada haɗa tsani mai gurabe 8, wato matakai 256, da razistoci 16, tare da wani mai gyara a Ɗambatta. Murya ta fito, ana gane kowace kalma ta mai wa'azi, sai dai da wani shuu a ƙarƙashinta, musamman inda ya sassauta murya. Dalilin a fili yake. Razistar da aka fi samu a kasuwa, mai zoben ruwan zinare, tana iya kauce wa ƙimarta da kashi 5 cikin 100, alhali tsani mai gurabe 8 yana son kuskuren ya gaza rabin kashi ɗaya. Idan kwanon ya fi ƙarfin rabi biyu, ai awon ya lalace tun daga tushe. Gurabe 16 kuwa sun fi ƙarfin hannu da dalma, shi ya sa mai son amo mai kyau ke sayen guntun da aka ƙera a masana'anta, irin PCM5102A na Texas Instruments, ya haɗa shi da ƙaramar amfilifaya mai cin bolt 5 kamar PAM8403. Abin sha'awa, rashin wutar gwamnati a nan ya zama riba: batir ya fi caja mai araha ko janareta ba da lantarki marar gurnani.

Abin da ya shafi manazarci

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma karin yana tafiya ne a kan amo na ƙasa-ƙasa. Saboda haka ko majuyi mai rauni ba ya ɓatar da shi, haka ma maganar kalangu. Abin da ya fi saurin salwanta shi ne amo mai tsini, inda bambancin /s/ da /sh/ da /ts/ yake. Ga mai sauraro a zaure wannan ba komai ba ne, tunda ya san waƙar tun yana yaro, kunnensa na cike giɓin. Ga ɗalibin da ke juyar waƙoƙin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo zuwa rubutu, a karin harshen da ba nasa ba, baƙi ɗaya na iya sauya kalma, kalmar ta shiga kundin digiri, na baya su kwafa.

Sai dai a ganin mai wannan rubutu, ɗora wa majuyi laifin duka zalunci ne. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafafen sadarwa a Kano, ya nuna yadda kwafar kaset daga kaset a Ƙofar Wambai ta mayar da dusashewar amo abin da kunne ya saba da shi. Daga irin waɗannan kasusuwan aka ɗauko da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin da masu turi ke zuba wa mutane a memori. Sannan aka matse su zuwa MP3, wanda a ma'aunin kilobit 128 yake riƙe kusan kashi ɗaya cikin 11 na lambobin CD. Wani fayil ɗin ma an sake matse shi domin ya wuce ta WhatsApp. Majuyi, komai tsadarsa, abin da aka ba shi yake karantawa.

Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta shawarci a juyi tsohon kaset da awo 48,000 a daƙiƙa da gurabe 24 a ƙalla, a ajiye shi ba tare da matsewa ba. Kasusuwan asali na nan a akwatunan magidanta da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, amma injin da zai juya su shi ne wanda mai gyara ke cirewa yana jefawa cikin kwalin tarkace duk ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta.