Hitar gas ko ta lantarki: wacce ta dace da mai kwana a mota ko kwantena lokacin hunturu?

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon Turawan nan da suka mayar da mota gida: ga gado, ga kicin, ga banɗaki, ga kuma wani murhu a jikin bango yana ci bal-bal. A Amurka da Turai masu irin waɗannan motoci sun daɗe suna jayayya kan wanne ya fi, murhun gas ko na lantarki.

Mu nan ba mu da motocin shaƙatawar, amma tambayar ta shafe mu. A bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, a watan Disamba ko Janairu. Direbobin tirela da yaransu a cikin mota suke kwana. Masu cajin waya da masu POS da dama a kwantena ko shagon kwano suke kai dare, wasu ma nan ne makwancinsu. Haka a Mandera da ƙauyukan da ke kewaye, matashin da ya haɗa 'yar sola a ɗakinsa yana iya ganin hita a kasuwar intanet ya ce bari ya gwada. Sanyin namu bai kai na Turai ba, yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka a wasu darare, amma ƙarfe ba ya riƙe ɗumi. Da asuba cikin kwantena da waje kusan ɗaya suke.

Lissafin da mai talla ba ya yi maka

Wutar da ake gani a murhun lantarki ba wuta ba ce. Fitilun LED ne da ɗan madubi mai juyawa, kuma ba su cin komai. Abin da ke ɗumama ɗakin hita ce a ɓoye tare da fanka, yawanci mai wat 1,500, irin ƙarfin babban dutsen guga ko butar dafa ruwa. Bambancin shi ne butar minti biyar take yi a kashe ta, hita kuwa awanni ake so ta yi.

Batirin wayarka mai 5,000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 19. Hita mai wat 1,500 a awa ɗaya tana shan yunit ɗaya da rabi, wato abin da zai cika irin wannan waya sau saba'in da wani abu. Mai shagon caji ya kwatanta wannan da cinikinsa na yini.

Batirin sola fa? Mai bolt 12 da 200Ah yana da yunit 2.4 a rubuce. Idan na ruwa ne ko tubula, rabin wannan kawai ake so ka sha in kana son ya yi ƙarko, don haka hitar ba za ta cika awa ɗaya ba inbata zai fara kuka, in ma inbatan ya iya ɗaukarta tun farko. Kwana na awa shida da hitar tana ci ba tsayawa yunit 9 ne, kusan batirin litiyom biyu masu yunit biyar-biyar. Ga kuma ƙurar hunturu da ke lulluɓe faifan sola ta rage masa ƙarfi da rana. Ƙaramin janaretan nan da ake kira Tiger bai kai wat 1,000 ba, shi ma ba zai ja ta ba.

Turawan da ke cikin bidiyo suna samun wannan jin daɗi ne saboda a sansanonin da suke yada zango akwai soket da ake jona motar da wutar gari. Da zarar sun bar sansani, su ma gas ko dizal suke komawa.

Akwai kuma 'yan hitocin mota masu bolt 12 da ake jonawa a ramin cajin waya. Ramin bai wuce ya ba da wat 120 zuwa 180 ba. Za su iya share raɓa daga gilashi, shi ke nan. A bar su kunne injin yana kashe, da safe a nemi masu turi.

Inda lantarki ya yi zarra shi ne ba ya fitar da hayaƙi kuma ba ya cinye iskar ɗaki. Wanda ke kan layin Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, kuma wutar tana zama da dare a unguwarsu, hitar lantarki ce ta fi masa kwanciyar hankali. Sai dai a jona ta kai tsaye a soket na bango. Tana jan sama da amfiya 6, siriryar wayar jone mai arha kuwa zafi take yi har ta narke, kuma da yawan gobarar hunturu daga irin wannan take tashi.

Gas yana da ƙarfi, amma ina hayaƙin zai je?

Ta fuskar ƙarfi babu haɗi. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki. Tukunya mai kilo 12.5 ta kai yunit 160. Ƙaramar hitar gas a mataki na ƙasa tana ƙona kusan giram 100 a awa, ke nan tukunyar kilo 6 za ta yi kusan awa 60. Babu batirin da talaka zai saya da zai kusanci wannan.

Matsalar ita ce mafi yawan hitocin gas da ake samu a hannu ba su da bututun fitar da hayaƙi. A cikin ɗakin suke shan iska, a cikinsa suke fitar da abin da suka ƙona. Idan wurin a rufe yake ruf, iskar da wutar ke buƙata tana raguwa, ƙonewar ta daina cika, sai ta fara fitar da kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowa a nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya sha magani ya ƙara lulluɓa. Mai barci kuwa ba ya ma jin alamun.

Wannan ita ce illar da ke cikin kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, da janareta a zaure, da barin injin mota yana aiki a kwanta ciki. Hitar gas ta fi kasko tsabta, amma dangin juna ne.

Ƙari biyu. Kowane kilo na gas da aka ƙona yana fitar da ruwa kusan lita ɗaya da rabi a matsayin tururi, wanda a jikin ƙarfe mai sanyi yake zama raɓa, ya jiƙa katifa, ya shiga cajoji da wayoyin mutane. Sannan gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan tiyo ya yi yoyo, ƙasa yake kwanciya, daidai inda aka shimfiɗa tabarma, yana jiran tartsatsin soket.

Su masu motocin kwana na Turai sun warware wannan ne da hitar da ke ƙona makamashinta a cikin akwati rufaffe, ta ja iska daga waje, ta mayar da hayaƙi waje, ɗumin kawai ke shiga ciki. Kamfanin Truma na Jamus yana yin ta gas. Webasto da Eberspächer, su ma na Jamus, suna yin ta dizal, wadda manyan motocin Turai suka daɗe suna amfani da ita. Mai kilowat 2 ba ta wuce rubu'in lita a awa ba, kuma kusan wat 30 take ja daga batir bayan ta kama. Ga direban tirela, a ganina, wannan ta fi gas da lantarkin duka, tunda dizal yana tankinsa. Akwai ƙirar Chana masu sauƙin kuɗi. Amma duk ingancinta ya rataya ne ga wanda ya ɗaura bututun hayaƙin, ba aikin da za a ba ɗan koyo ba ne.

To, wanda ba shi da wutar gari kuma ba shi da kuɗin wannan fa? Ya bar ɗaki, ya ɗumama jikinsa. Bargon lantarki wat 60 zuwa 100 yake ci, awa shida bai wuce rabin yunit da ɗan ɗori ba, batirin sola na gida zai ɗauka. A liƙa katako ko soso a jikin kwantena, a toshe kafofin da iska ke busowa ta ƙasan ƙofa, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa. Sanyin Sakkwato na 'yan makonni ne, ba ya buƙatar fiye da haka.

In kuma lallai gas za ka saya, nemi mai na'urar da ke kashe ta da kanta idan iska ta ragu ko ta faɗi. Ka bar taga a ɗan buɗe, ka ɗumama wurin kafin kwanciya, ka kashe daga kan tukunya, ka fitar da tukunyar waje. Ka haɗa da na'urar gargaɗin kabon monoksaid, 'yar ƙarama mai batir da bai fi tafin hannu ba. Ba ɗaya take da mai gano hayaƙi ko mai gano yoyon gas ba, don haka ka duba jikinta: lambar EN 50291 ko UL 2034 ake nema. Tana da ranar ƙarewa a bayanta, yawanci shekara biyar zuwa goma daga ƙira, sai a duba kafin a biya kuɗi.