Kawo Taka, Ka Yi Ciko

Kafin mutum ya gama ajiye babur a bakin kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano, 'yan kayi-na-yi sun riga sun yi wa wayar hannunsa kuɗi da ido. "Alhaji, sayarwa ko musaya? Ko gyara ne?" Ba su da shago, ba su da jari. Nasu shi ne su raka ka wurin mai kaya su karɓi la'ada, kuma a ƙarshe daga aljihunka take fita.

Ciki kuwa kowa da layinsa. Akwai manyan shaguna masu sababbin wayoyi a kwali, Tecno da Infinix da itel jere a gaba, dukansu na kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen a Chana, ko da yake mai saye yakan yi ta gardama a kansu kamar abokan gaba. Samsung da Redmi na gefe. Sai masu akwatin gilashi a ƙarƙashin laima, waɗanda suka fi ƙarfi a kan 'yar Landan, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, galibi iPhone, ko da daga Amurka ko Dubai ta fito. Can baya masu gyara ne, da masu caja da batir da rigar waya, da samarin da ke tura fina-finai da karatun malamai. Gobarar ranar Babbar Sallah ta 2025 ta ci shaguna da dama, amma ciniki bai tsaya ba.

Abin da ke riƙe da kasuwar shi ne musaya. Ba kowa ke iya zare kuɗin sabuwa dal ba, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Don haka sai ka kawo taka. Mai shago zai juya ta, ya haska gilashin ya ga ko an taɓa canza shi, ya gwada kyamara da lasifika da ramin caji. In iPhone ce, zai duba lafiyar batir, ya sa ka cire iCloud a gabansa, domin in ba a cire ba ta zama dutse. Sannan tambayar da ba ta canzawa: "Yallaɓai, akwai kwali da rasit?" A garin da ƙwacen waya ya addabi mutane, wannan ba tambayar wasa ba ce. Wayar sata guda ɗaya ta isa ta kai ɗan kasuwa ofishin 'yan sanda. Daga nan sai mai shagon ya rushe darajar taka, ya kuranta tasa, a yi ta albarka da ƙari har a tsaya kan ciko.

Dattawan kasuwar sun ga zamani iri-iri. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, kuma riƙe Nokia 3310 alama ce ta samu. Aka yi yayin Nokia 1100 mai tocila, sai 'yan Chana masu layi biyu da eriya da ƙarar da ke cika unguwa. BlackBerry ta zo, 'yan mata da samari suna musayar lambar BBM, ta kuma tafi. Android ta share fagen. Yau ba ado ne kaɗai ke tura mutum canza waya ba. WhatsApp ya daina aiki a kan tsofaffi sosai, manhajar banki tana neman wuri, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa.

Duk da haka, a ganina, yawancin masu saye suna biyan kuɗin abin da ba shi ne damuwarsu ba. Ana ƙirga idon kyamara a bayan waya, uku ne ko huɗu, alhali a wasu masu araha guda ɗaya ce ke aikin kirki. Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, girman batir da yawan ma'aji ya kamata ya fara tambaya.

Shi ya sa tsohuwa ba ta yi ritaya ba. Duba aljihun ɗan kasuwar da ke tallan waya mai tsada, za ka tarar da ƙaramar waya mai madannai, wadda ake wa laƙabi da rakani-kashi. Caji ɗaya ya kai ta kwanaki, ta faɗi a siminti a haɗa ta ta tashi, ɓarawo ba ya ko kallonta. Da yawa a cikinta suke sa layin banki, babbar kuma a bar ta da hoto da TikTok.

Wadda ka bayar a musaya ma ba ta kwana biyu a shago. A goge ta, a sa mata sabon gilashi, wani ɗalibi ko ɗan sari daga Jigawa ko Maraɗi ya ɗauka. In ta mutu murus, masu gyara su saya a farashin banza su fatattake ta, injin daban, sikirin daban, ramin caji daban, kowanne da kuɗinsa.