Yadda haske ke tona asirin gubar dalma a cikin ƙasa

Ɗebi ƙasa a tafin hannunka, ka duba, ka sunsuna. Ba za ka taɓa gane ko akwai dalma a ciki ba. Haka ta faru a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta a 2010, inda ƙurar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta yi ajalin yara aƙalla 400.

To, ta yaya masana ke gano ta? Da haske. Akwai na'urar XRF, mai kama da ƙaramar bindiga. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa, sai ta harba irin hasken hoton ƙashi na asibiti. Kowane ƙarfe yana mayar da nasa hasken daban, kamar yadda kowa ke da muryarsa. Cikin minti ɗaya ko biyu sakamako ya fito. A wasu wurare a Zamfara an samu sama da miligiram 100,000 na dalma a kowane kilo na ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Amma fa saman ƙasa kawai na'urar ke gani, kuma danshi na ɓata mata lissafi. Shi ya sa ake kai samfur ɗakin gwaji: a busar, a tankaɗe, a narkar a asid, a fesa ruwan cikin harshen wuta a na'urar AAS, sannan a haska shi da fitila ta musamman. Yawan hasken da aka shanye shi ke nuna yawan dalmar. Wannan hanya ta fi cin lokaci da kuɗi, amma mun fi yarda da ita.