Renon Dashe A Cikin Ɗaki: Yawan Ban Ruwa Ya Fi Ƙishirwa Kisa

Kowace shekara, in damina ta ja baya masu lambu suka fara shirin noman rani, mu kan ba ɗaliban ajin farko na makarantar horon malamai aikin renon tumatir a cikin gwangwani. Kowa ya kan karɓi 'yan ƙwayoyin iri ya shuka, ya ajiye a ɗakin kwanansa ko a tagar aji. Nufinmu shi ne, ran da aka tura shi makarantar ƙauye ya iya kafa lambu tare da yaransa. Amma kafin mako uku sai mu ga sun fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa riƙe da gwangwaninsa, tsiro ya langaɓe, suna cewa, “Malam, wane magani za mu sa?”

To, tun da ya ke ba ɗalibanmu kaɗai ke gamuwa da wannan ba, muka ga ya kyautu mu bayyana wa jama'a amsar da mu kan ba su. Galibin tsiron da ya yi laushi a hannun sabon mai reno ba magani ya ke bukata ba. Hidima ce ta yi masa yawa, haske kuwa ya yi masa kaɗan.

Bari mu fara da ruwa. Saiwar tsiro tana shaƙar iska daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In aka yi ta zuba ruwa safe da yamma, gwangwani kuwa ba a huda gindinsa ba, sai ruwa ya toshe kafofin nan, saiwa ta shaƙe, ta fara ruɓa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, saboda haka ganye ya kan yi yaushi ko da ya ke gindinsa cikin laka ya ke. Nan ne sabon mai reno ke ruɗewa, domin tsiro mai ƙishirwa da wanda ruwa ya shaƙe kamarsu ɗaya a ido. Sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi da hannunsa.

Rarrabe su ba wuya. A cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓar farko. In an ji ta a bushe, gwangwani kuma ba nauyi, ƙishirwa ce; a ba shi ruwa, cikin 'yan sa'o'i zai miƙe. In kuwa ƙasa ta manne a yatsa, a ɗauki ƙusa a huda gindin gwangwanin wuri huɗu ko biyar, a kai shi inda iska ke kaɗawa, kada a sake ba shi ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Daga nan ban ruwa da safe a ke yi, a gindi, ba a kan ganye ba.

Akwai kuma cutar da laima ke jawowa. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, su kan kama kara daidai inda ya fito, wurin ya tsuke ya yi duhu, tsiron ya faɗi kamar an tsinke shi da farce. Gaskiyar magana, wanda ya faɗi ta wannan hanya ba ya tashi. A cire shi, a zubar da ƙasarsa nesa da sauran, a wanke gwangwanin a shanya a rana. Rigakafinta kuwa shi ne ƙasa mai sakin ruwa, watau ƙasar saman gona gauraye da rairayi da ruɓaɓɓen taki, sa'an nan kada a cunkusa iri wuri guda.

Sai maganar haske. Mutane da yawa suna zaton tsiro ƙasa ya ke ci. Wani likita mai suna van Helmont, mutumin ƙasar da yanzu a ke kira Beljiyam, ya gwada wannan zance. Ya dasa ɗan itace mai nauyin laba 5 cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa laba 200, ya yi shekara biyar ba ya ba shi kome sai ruwa. Da ya sake aunawa, itacen ya kai laba 169, ƙasa kuwa abin da ta ragu bai wuce kamar oza 2 ba. An buga labarin a 1648, bayan rasuwarsa. Shi a ganinsa ruwa ne kaɗai ya zama itace. Sai a 1779 wani likita mutumin Holan, Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye ba ya fitar da iska mai kyau sai cikin hasken rana. Yau an tabbata cewa ganye ne ɗakin girkin tsiro: a nan ya ke haɗa abincinsa daga iska da ruwa, hasken rana kuwa shi ne wutarsa.

Ɗakin da idonmu ke gani da haske, a wurin tsiro kusan duhu ne in aka gwada shi da tsakar gida. Alamar ƙarancin haske a fili ta ke: kara ya yi tsawo siriri, ya koɗe, ya karkata wajen taga har ya kasa ɗaukar kansa. Sabon mai reno ya kan yi murna da tsawon nan, alhali kuwa neman haske ne ya miƙar da shi. Tumatir yana son rana kamar sa'a 6 zuwa 8 kullum. A kai shi tagar gabas. A watannin hunturu kuwa tagar kudu ta fi, domin a ƙasarmu rana ta kan karkata kudu a lokacin. A riƙa juya gwangwanin kullum, a kafa farar takarda a bayansa don ta mayar masa da haske. Tumatir yana da wata baiwa, karansa ya kan fitar da saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi. Saboda haka wanda ya yi tsawo ana iya ƙara masa ƙasa har kusa da ganyen farko. Amma kada a yi wa gwanda haka, gindinta zai ruɓe.

Na uku shi ne taki. Ƙwayar iri da guzurinta ta ke zuwa. Ganye biyun da su ke fara fitowa ba ganyen ainihi ba ne, in tsiro ya girma su kan yi rawaya su kaɗe, ba cuta ba ce. Kafin ganyen ainihi ya bayyana babu bukatar taki ko kaɗan. Takin yuriya, alal misali, kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne, ɗan abin da yatsa biyu za su ɗebo ya isa ya ƙone tsiro a ƙaramin gwangwani, domin ya kan janye ruwa daga saiwa kamar yadda gishiri ke yi wa ɗanyen nama. Haka ma ɗanyen kashin kaji. In an ga bakin ganye ya ƙone bayan an sa taki, a kwarara ruwa sau ɗaya har ya fita ta ƙasa ya wanke shi, sa'an nan a ƙyale tsiron ya huta.

In dashe ya yi mako huɗu ko biyar, ya fitar da ganyen ainihi huɗu ko biyar, lokacin komawarsa fangali ya yi. Amma wanda ya tashi a ɗaki, in aka fid da shi tsakar rana farat ɗaya, rana da iskar hunturu za su babbake shi. A fara ajiye shi ƙarƙashin rumfa da hantsi na ɗan lokaci, kullum ana ƙarawa, har kwana 7 zuwa 10. Sa'an nan a dasa da la'asar sakaliya, da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take.

Saura gargaɗi guda, shi ne kuwa ya fi wuyar bi. In tsiro ya yi laushi, abu ɗaya a ke gyarawa, sa'an nan a saurara kwana uku. Wanda ya sake masa tukunya, ya sa taki, ya fesa magani duk a yini guda, ko tsiron ya rayu bai san abin da ya raya shi ba. Kuma sabon toho a ke duba, domin ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore. Mu kan sa ɗalibanmu su rubuta abin da suka gani kowace safiya kafin su taɓa buta.

Abin da ya sa muka damu da wannan ɗan gwangwani shi ne, mun sha ganin malamin da tsironsa na farko ya mutu ya ce shi ba shi da hannun shuka. Daga nan filin lambun makarantarsa ya zama makiyayar awaki, yara kuwa su fita ba su koyi kome ba. Alhali manoman Kadawa da Kura da ke cika kasuwanni da tumatir, su ma ba da iyawa aka haife su ba, lura ce ta yau da gobe. Wanda nasa ya faɗi, ya binciki dalili, ya wanke gwangwani, ya sake shuka. Cikin kwana 5 zuwa 10 zai ga sabon tsiro. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da mu ke shukawa, amin.