Yadda Ake Gane Lalacewar Tukunyar Ɗumama Gida a Ingila

Hakimi ko malamin ofis wanda aiki ko neman ilmi ya kai shi Ingila lokacin sanyi, wajibi ne ya san yadda ake ɗumama tsofaffin gidajen can, gama jahiltar abin yakan jawo hasarar dukiya, wani lokaci har ta rai.

A irin gidajen nan akwai tukunyar ƙarfe wadda wutar gas ke dafa ruwa a cikinta. Ruwan yakan bi bututu zuwa waɗansu akwatunan ƙarfe da ke manne a bangon ɗakuna, masu aiki kamar lagireton mota, sa'an nan ya komo tukunya. Can ƙarƙashin rufi akwai ƙaramin tanki mai cika gurbin ruwan da ya ragu. Tukunyar nan ita ce kuma ke zafafa ruwan wanka.

Kowane lahani da alamarsa. In saman akwati ya yi sanyi, ƙasansa da zafi, iska ce ta shiga. Sai a tsai da injin da ke tura ruwa, a murɗa ɗan makullin da ke kusurwar sama, iska ta fita da huci. Da ruwa ya ɓullo sai a rufe. In kuwa ƙasan ne da sanyi, baƙar lakar tsatsa ce ta kwanta, sai ma'aikaci ya wanke bututun. In tukunya tana ƙugi kamar buta a kan murhu, ɓawon farar ƙasa ne ya kama cikinta. Wannan ya yawaita a Landan, domin ruwan wurin yana ɗauke da alli. Tsananin sanyi kuma, irin na 1963, yakan daskarar da ruwa a bututun rufi, ƙanƙara ta kumbura ta fasa shi.

Mafi hatsari duka ita ce wutar kanta. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. In ta koma rawaya, tana barin baƙi a jikin tukunya, alama ce ta iska mai guba, marar launi, marar wari, irin wadda ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu. Mafarinta ciwon kai ne da jiri. Lalle a kashe wuta, a buɗe tagogi, a fita waje. Doka ta hana kowa yin sana'ar gyaran gas sai mai rajista, rajistar da ake kira Gas Safe tun 1 ga Afrilu 2009. Saboda haka a nemi ganin katin ma'aikaci kafin ya taɓa tukunya.